Sunan Innarki a Baƙin Gilashi

Urafane, ranar Lahadi

Zuwa ga autata Zuhura,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Yamai? Mu nan sai godiya, gero ya shiga rumbu, wake ne ya rage a gona. Muttaka tela ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma hana shi gyara mini magana.

Tun shekarar da rana ta yi husufi, kaji suka koma akurki da hantsi, yanar ido ta fara rufe mini gani. Shi ya sa da na je Tasawa watan jiya, wani ma'aikacin asibiti ya juya mini salular da kika aiko: gilashin ya koma baƙi ƙirin, rubutu fari manya-manya. A haka nake gani. Ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, amma innarki ta koya mini baƙaƙen boko a kan rairayi lokacin da take zuwa yaƙi da jahilci. Suna dai ba ya gagarata in na bi shi da yatsa.

To, jiya na buɗe shafin zuri'armu da kika sa a intanet, wanda na yi damina biyu ina zayyano miki sunayensa. Na ga kaina, na gan ki, na ga yayyenki. Gefen sunana, inda ya kamata innarki ta zauna, duhu ne. Na hau na sauka. Babu babana, babu ƙanena Sha'ibu, babu ko ɗaya cikin waɗanda suka riga mu. Masu rai kaɗai kika bari.

Ban ce da gangan kika yi ba. Amma sunayen dangin innarki na garin Cake, waɗanda yau ba mai riƙe da su sai ni, ba zan faɗi ko ɗaya ba. Gara su zauna a kaina, nan ba a goge mutum. Muttaka ya ce in tuna kan nan ya haura tamanin. Na ce ya rubuta abin da aka sa shi.

Ki gaida yara. Allah ya yi miki albarka, wannan ban janye ba.

Babanki,
Ishaƙu

Urafane, ranar Laraba

Zuwa ga autata Zuhura,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta gidanki. An ce ƙaramar taki ta yi zazzaɓi, Allah ya sa ta warware. Takardarki ta iso hannun direba. Kiranki bakwai ma na ji, ban ɗauka ba ne.

Muttaka ya karanta mini, ya kuma duba a tasa salular mai farin gilashi, ya rantse kowa na nan. Ashe da launin toka mai haske kika rubuta mamata, don a bambanta su da masu rai cikin ladabi, sai tokar ta nutse a baƙin gilashina. Kin ce ba ki taɓa duba shafin yadda nake dubansa ba sai yanzu, da kika juya na'urarki ta koma irin tawa, kika nemi innarki kika rasa. Kin ce kin yi kuka. Ni ban aike ki kuka ba, auta.

Abu ɗaya zan gaya miki, ki riƙe. Masu neman mamata a shafin nan su ne masu raunin ido: ni, da gwaggonki Binta ta Mayahi, da sa'o'inmu. Yara kansu suke nema.

Na buɗe gyaran da kika yi. Kowa ya fito fari tas, kuma maimakon launi kin rubuta addu'a da baƙaƙe gefen kowane mamaci. Haka ya fi, launi ba ya yi wa kowa addu'a. Na sa yatsa gefen sunana, na bi baƙaƙe biyar. Shekara hamsin da ɗaya muna tare ban taɓa kiran sunanta ba, don kunya irin ta mutanen da. Jiya na karanta shi da ƙarfi. Hawwa. Muttaka ya sunkuyar da kai kan kekensa, wai zare ne ya tsinke.

Kin san ban iya ba da haƙuri ba. Na ba direba tiya uku ta sabon wake, ki gane abin da nake nufi. Kuma saura gyara: wurin da ake dannawa a wuce gaba ba shi da iyaka a gilashina, lalube nake. Ki zagaye shi da layi mai kauri.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara. Gobe in Allah ya kai mu, ina dawowa daga masallaci, kafin a ɗama koko, zan kira ki da kaina. Ki tanadi alƙalami da takarda mai yawa. Daga kakar innarki za mu fara, kuma 'ya'yanta goma sha ɗaya ne.

Babanki,
Ishaƙu