Muryarki Ce Mama Ta Bi

Zuwa ga aminiyata Hannatu, wadda unguwarmu ta Mayo Gwoi ke kira Sista,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara a can Abuja. Na kira ki har na gaji. Na tura saƙo, kin karanta kin yi gum. Shi ya sa na rubuto miki wannan wasiƙa a bainar jama'a, wanda zai ga baƙina ya gani.

Kin tuna zamanmu ƙarƙashin mangwaron coci bayan zumuntar mata? Ke da farar rigarki da abin awon jini, ni a gefenki ina juya maganarki zuwa Mumuyanci saboda tsofaffin da Hausa ba ta zauna musu ba. Ke ma'aikaciyar lafiya, ni tafinta. Sunan ƙwaya ɗaya ban sani ba, amma na haddace maganarki kamar Addu'ar Ubangiji.

Ke kika raba mu da cika wa miya dunƙule. Kika sa Mama ta rage gishiri da manja, tana mita wai kin mayar mata da miya ruwan wanke kwano. Ranar ma a gidanmu kika ci tuwo, kika suɗe kwanon tas don ki ba ta haushi.

Akwai abin da kika fi nanatawa. Kin ce mutanenmu da zarar ciwon kai ya tafi sai su ce "da sauƙi", su ajiye magani. Sai ki tafa hannu ki ce, "Sauƙi daban, waraka daban. Hawan jini ba a sallamarsa, zama ake yi da shi." Mama ta riƙe wannan gam. Shekara da shekaru ba ta tsallake ƙwayarta ba, ko biki za ta je tana ɗaure a bakin zaninta.

Bayan kin koma Abuja sai ga saƙon murya a wayoyin matan zumunta. Muryarki ce, har da 'yar dariyar nan taki. Wai kin samo wani ruwan magani a kwalba da ke tumɓuke hawan jini da ciwon suga daga saiwa, wai a ajiye ƙwayar asibiti kada su yi karo. Kika rufe da cewa, "Ku tambayi Ladi, ta san ba na yi muku ƙarya."

Hannatu, da ɗan gari akan ci gari, amma ni ba ki ko tambaye ni ba. Kin ɗauki sunana kin manna a kwalba.

Lokacin Mama tana garin Iware wajen yayana, ana aikin gona. A can aka kunna mata. Ba ta tambaye ni ba, don ta ji muryarki ta ji sunana, me kuma ya rage? Ban san komai ba sai da aka kawo ta Jalingo a mota, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Likita ya tambaye ni yaushe ta daina shan magani, na hau musu da shi, har da rantsuwa. Sai matar yayana ta zaro kwalbar daga jakar Mama.

Ba a taɓa cin amanata irin wannan ba, kuma ban taɓa zaton daga gare ki zai fito ba.

Na tashi a zumunta na roƙi mata su koma kan ƙwayarsu. Kin san amsar da wata tsohuwa ta ba ni? "Ke ai tafinta ne, mai magana ya canja magana." Har yanzu kwalbar tana ɗakunansu, waɗannan matan da kika auna hannuwansu ɗaya bayan ɗaya.

Ba haƙuri nake so ki ba ni ba. Ban kuma tambaye ki abin da ya kai ki ba, na san Abuja ba ta raga wa kowa. Ki ɗauki wayar nan ki yi musu wani saƙon, ki faɗa musu abin da kika koya mana a ƙarƙashin mangwaro. Ke kaɗai za su ji.

Ban gaya wa Mama cewa ke ce sanadi ba. Idan an ambaci sunanki fuskarta takan saki, ɓangaren da ke iya sakin. Masu dubiya kuwa suna ta zuwa, suna tambayarta yaya jiki. Takan yi ta kokawa da harshenta har ta haɗa kalma biyu, "da sauƙi". Duk sanda ta faɗa, sai in ji tafinki a kunnena, in fita waje.

Ubangiji ya ɗaga Mama, ya tsare matan da suka rage. Ya taɓa zuciyarki tun kafin a kawo wata a mota. Ni ma ya koya mini yafe miki, don har yau ban iya ba.

Tafintarki ta dā, wadda ke jiran maganar da za ta juya,
Ladi