Baba Arzika Ya Ƙi Tuwona

Tajaye, daren Talata, tsakiyar rani

Barci ya ƙi zuwa. Yau ne karona na kai ma Baba Arzika tuwo, kamar yadda mu matan unguwa muka shirya don tsofaffin da ɗiyansu suka tafi cin rani. Tun da idanunshi suka mutu ba shi da mai ɗora mishi tukunya.

Na gaishe shi, na aje kwano. Ya laluba ya turo mini abina.

"Ɗiyata, ashe gaskiya ne an kira sunana a fadar maigari, gaban surukaina, cikin marasa kowa? Ni da ke da ɗiya maza a Abijan? Ɗauke."

Na ɗauke. Amma na ga randarshi ko ɗigon ruwa babu.

Gobe zan kai mishi kaba, in ce igiyar gugana ta tsinke, ya tuƙa mini wata, in bar fura gefen tabarma kamar mantuwa. In ya gane, ban san ta yi ba. Yanzu haka yana kwance da yunwa, darnin kara kaɗai ke tsakaninmu.