Motar da Ba Ta Ɗauki Inna Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan Gumel lafiya lau.

Na sayi mota ta hannu, amma ban ji maganarka ba. Ka ce in zaunar da yara ciki kafin in saya, ni kuwa fenti na duba. Ranar da za mu suna Maigatari, yara huɗu suka cika baya, matata da jariri a gaba. Innarmu ta leƙa ta ce, "Ku je, kada a matse mini jikoki." Motar kasuwa ta hau, kan buhuna. Muka wuce ta a hanya tana ɗaga mana hannu.

Har yau na kasa haɗa ido da ita. Gai da Yaya Binta da yara. Ka yi mini addu'a in sami motar da Inna za ta shiga.

Ƙaninka,
Habu