Taken Mamman Masunci

Laraba, 12 ga Maris, 1986. Birnin Kebbi, ƙarfe tara da kwata na dare. Na dawo daga Argungu, takardar izini tana jakata ba sa hannu.

Aikina na farko ke nan a gidan talabijin: in samo yardar Baba Ummaru mai gurmi mu saka kiɗansa mai sanyaya jiki a wasan kwaikwayon Litinin. Na kunna masa kaset ɗin, na karanta masa takardar sau biyu, na miƙa tawadar dangwale.

Ya janye hannunsa, ya ce, “Ɗana, wanga kiɗi ba nau na ba. Taken Mamman na, masuncin garin Gulma da ruwa yac ci. Kowa yaj ji shi, sunan Mamman yaj ji. Ina za ku aza shi?”

Na kasa gaya masa a wurin korar ɓarawo za a saka shi cikin wasan. Ni a jami'a an koya mini makaɗi ke da kiɗansa.

Abin da ban sani ba: ko Mamman ya bar 'ya'ya, ko suna kallon talabijin, ko shugaban shirin zai yarda ya sauya wurin, da abin da zan ce gobe in Baba ya sake tambayata.