Muciyar Karofi Ba Ta Shiga Waya

Ƙofar Kuyambana, Zariya

Zuwa ga ɗana Nasidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Radiya da abokina Suhail. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, shekaranjiya ma da kanta ta taka zuwa Limancin Kona gaisuwar mutuwa. Ni dai tarin nan ne ya ƙi tafiya, idon hagu kuma ya soma hazo. Ƙanwarka Batul ce ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta kuskura ta tausasa min magana.

Maganar karofi ce. Ran Juma'a ina masallaci, Sabo ɗan ƙanena ya kawo magini suka auna bakin rijiyoyin rini da igiya, kamar na riga na mutu. Wai cikewa zai yi ya jera shaguna. Marinan da suka rage sun same ni a zaure, suka ce muddin akwai mai riƙe da muciya suna bayansa, in babu kuwa ba za su yi faɗa da ɗan gida ba. Ka san ƙa'ida tun kana ƙarami. Babba yana miƙa muciyar motsa baba hannu da hannu a bakin rijiya, da ransa. Magajin ya tsoma hannu har gwiwa, ya ɗanɗana ruwan, ya kira sunayen waɗanda suka riƙe kafin shi. In na mutu ban miƙa ba, shugabanci ya faɗi, karofi ya zama gado, alƙali ya raba shi kamar gona.

Da na gaya maka haka a waya, sai ka ɗauko min tarihin mutanen da kake zaune a cikinsu. Ka ce su Katalan ɗin nan, mutanen yankin Basalona a ƙasar Sifen, suna ƙidayar shugabanninsu tun fiye da shekara ɗari shida, daga wani malamin coci, har an haura ɗari da talatin. Ka ce sarkin Sifen ya taɓa rushe kujerar sama da shekara ɗari biyu, da ta dawo suka ɗora ƙidaya daga inda aka tsaya. Ka ce an harbe ɗaya, wani kuma ya riƙe sarautar yana gudun hijira a Faransa shekara da shekaru. Saboda haka, in ji ka, a ɗaga waya a bakin rijiya in nuna maka muciyar, ka karɓa daga Basalona.

Nasidi, ban shiga aji ba, amma na saurare ka da kyau, har na sa Batul ta maimaita min. Shi tsohon na Faransa korarsa aka yi. Kai wa ya kore ka? Da ƙafarka ka fita, ko sallama ta kirki ba ka yi min ba, a bakin maƙwabta na ji ka wuce Agadas. Kuma da bakinka ka ce da hanya ta buɗe ya tattara tsufansa ya koma, ya tsaya gaban jama'arsa ya ce ga shi ya iso. Wannan wurin ne ka bi da sauri, shi kuwa na fi riƙewa. Ruwan baba ba a ɗanɗana shi ta waya. Hannunka da na gani a hoto fari fat, ko a farce babu shuni, da me zan nuna wa marina?

Na san za ka ce takardunka ba su kammala ba, in ka fito ba za su bar ka ka koma ba. Na ji. Uwarka ta yi ta faɗa min har ta gaji. Na rantse a gaban mutane ba zan roƙe ka ba, to ga shi ina roƙonka. Jiya na ɗaga muciyar ta suɓuce daga hannuna ta faɗa rijiya, sai da aka tsamo min ita. Ba wanda ya yi dariya, wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ka zo kafin damina, ko kwana kaɗan ne.

In kuwa ba za ka zo ba, to ka yi min aiki ɗaya. Ka sami wani dattijo cikin mutanen nan ka tambaye shi, a shekarun da ba su da kujera ba su da shugaba, wane ne ya riƙe musu sunayen har ba su ɓace ba, kuma yaya ya yi. Don a nan ni kaɗai na rage da na san namu a jere, safiyar yau kuma na tsaya a na shida, na rasa wanda ke bin sa.

Ka gaishe da Radiya da kyau, ka ce wa Suhail kakansa yana nan. Mahaifiyarka Sailuba da gwaggonka Sa'ida suna gaishe ku. Allah Ya tsare, Ya haɗa fuskokinmu tun ina gani.

Mahaifinka,
Yahaya na Karofi