Saniyar Inna Hajo

Laraba, 6 ga Agusta, Tungan Maje

Yanzu na dawo daga rugar nan ta bayan Abaji, jikina duk laka, ko abinci na kasa ci.

Laifina ne. Makon jiya na kira Arɗo na tambaye shi shanu nawa za a yi wa rigakafin ciwon huhu. Ya ce, "Likita, 'yan kaɗan ne, Allah dai ya sa albarka." Ni kuma na ɗauko maganin shanu hamsin. Shekara shida ina aikin nan, amma na manta Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa, tsoron baki yake yi.

Muna haye rafi a babur na ga garke ya cika fili. Kafin la'asar magani ya ƙare.

Wata tsohuwa, Inna Hajo, tun safe take tsaye riƙe da igiyar saniyarta, maza suna ta shiga gabanta. Ta ce, "Ɗana, tawa fa?" Na ce zan dawo.

Oga ya ce babu sauran fita sai bayan damina.

Ita kam ba ta da abin ɓoyewa. Saniyarta ɗaya ce, kuma ita na bari.