Ba Shi Ya Aiki Kansa Ba

Alhamis, 8 ga Mayu

Sai yau na gane abin da suka yi. Kwana goma sha tara da rasuwar Baban yara, sakataren coci ya kawo mini takarda, wai in sa hannu a kai wa kamfanin inshora. Na ce ya bari in karanta. Ya ce, "Mama, ba sai kin wahalar da idonki ba." Na ce ai idona ne. Karatuna a firamare ya tsaya, amma da yatsa na bi layi-layi har na iso wurin. Wai marigayin ya hau rufin majami'a "bisa ra'ayin kansa, ba tare da an sa shi ba."

Ina tsakar gida ranar, ina wanke-wanke, Fasto ya leƙo ya ce, "Mai Guduma, kwanon coci yana yoyo ta saman bagade, ka duba mana kafin Lahadi." Da kunnena na ji. Ko shayinsa bai ƙarasa ba ya saɓa tsani. Daga can saman ya faɗo.

Na miƙa wa sakatare takardarsa. Ban sa hannu ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ban je sujada ba. Na ji ƙararrawa, na ci gaba da tsintar shinkafata.

Laraba, 14 ga Mayu

Mutumin inshora ya zo da kansa. Ba mugu ba ne, har takalmi ya cire a bakin ƙofa. Ya yi mini bayani a hankali. Akwai littafi a ofishin coci na masu aikin sa kai. Duk wanda sunansa ke ciki, in ya ji rauni a bakin aiki, kamfanin ne zai ɗauki nauyi. Wanda ba ya ciki kuwa, an hana coci ta tura shi aiki a sama. In ta tura, kamfanin yana iya janye hannunsa daga cocin gaba ɗaya. Sunan Baban yara ba ya ciki.

To, shi ke nan. Sun mai da shi mai kunnen ƙashi don su tsira.

Na san dalilin da babu sunan. Shekara uku da suka wuce, da aka kawo littafin, dariya ya yi har yana buga cinya. "Aikin Allah ne zan rubuta suna kamar mai jiran albashi? Wanda nake yi wa ya san sunana." Tsofaffin abokansa duk suka bi bayansa. Ni ma na yi dariya ranar, ban ɓoye ba.

Shekara talatin yana yi wa cocin nan aiki. Babu bencin da bai buga wa ƙusa ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Yayarsa ta zo tun da hantsi. "Ke Uwar yara, shari'a za ki yi da gidan Allah? Ki sa hannu ki huta. Dattawan coci sun ce ba za su bar ki haka ba." Na ce Yaya, ni ba ni da magana da Allah, yana nan lokacin da aka aiki ƙaninki. Ta ce taurin kaina ya fi nasa. Na ce a wurinsa na koya. Ta yi kuka, na yi kuka, ta tafi ba mu shirya ba.

Ba taimakonsu nake nema ba. Jikokinsa za su girma su ji an ce kakansu ya hau rufi da ganganci. Wannan ne ba zan yarda ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Na sake zuba ruwan wanka bokiti biyu. Mantuwa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Sakatare ya dawo da sabuwar dabara, yana magana ƙasa-ƙasa. Wai akwai layi ɗaya da aka tsallake a shafin bara, sai a cusa sunan a wurin. "Babu mai sani, Mama, kowa ya samu lafiya." Na dube shi. Na ce ɗana, jiya kun ce ba ya jin magana, yau kuma za ku sa shi ƙarya yana kabari? Abin da ya ƙi da ransa?

Na yafa gyale na bi shi har ofishin Fasto. Mutumin ya rame, gaskiya. Bai iya kallona ba. Ya ce in kamfanin ya janye, ginin da motar coci da ajin yara duk sun zama babu abin da ya tsaya musu, in gobara ta tashi sai dai addu'a. Ya ce dattawa ne suka tsara takardar. Na bar shi ya gama.

Na ce, "Fasto, kai ka aike shi ko ba kai ba?"

Ya ce, "Ni ne, Mama."

Na ce to rubuta.

Na kama hanyar gida. Ban taɓa yi wa Fasto magana a tsaye ba.

Lahadi, 1 ga Yuni

Babbar 'yata ta dawo daga sujada tana haki. Wai Fasto ya faɗa a gaban kowa cewa shi ya tura babanta, kuma ya san sunansa ba ya littafi. Dattawa biyu sun tashi sun fita. Wata ma ta ce a bakin ƙofa, in coci ta shiga uku ni na jawo.

Su faɗa. Na zaci zan ji sanyi fiye da haka.

Talata, 10 ga Yuni

Na je cocin. Sabuwar takardar kawai ta kai ni, ba wani abu ba. Na bi ta da yatsa sau biyu. "An aike shi." Na sa hannu.

Zan fita ke nan na hango Inna mai shara, tsohuwar da ta kusa tamanin, a tsaye kan benci tana goge taga, bencin yana lilo. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta sauko tana mita, wai tun ba a haife ni ba take goge tagar nan. Na koma ofis na ce sakatare ya ba ni littafin. Ba ta iya rubutu ba, ni na rubuta mata, ta dangwala yatsa tana cewa sai ka ce za a kai ta kotu. Sannan ta ce, "Ke fa? Ba ke ke share nan ran Asabar ba?"

Na rubuta nawa. Alƙalamin yana hannuna ne kawai.

Baban yara, ka yi haƙuri. Allah ya san sunanka, ban musa ba. Amma da ka rubuta.

Kamfanin bai ba da amsa ba tukuna. Abokansa huɗu har yanzu sun ƙi littafin, kuma ban je gidajensu ba.